Wane Littafi Za a Saya? Ma'aunin Zaɓen Littattafan Koyon Tsara Shafukan Intanet

Tsakure

Wannan takarda ta dubi matsalar da malami da ɗalibi da ma'aikacin laburare ke fuskanta idan za su zaɓi littafin koyon tsara shafukan intanet. Hujjarta ita ce fannin ilimi ne hawa-hawa, kuma kowane hawa da irin saurin tsufansa. Saboda haka shekarar bugu kaɗai ba ta isa ma'auni ba, sai an san hawan da littafin yake magana a kai. An waiwayi tarihin fannin daga 1989, an auna wasu sanannun littattafai, sannan an nuna giɓin da suka bari game da rubutun Hausa.

Gabatarwa



Maganin da ake sayarwa a kemis yana ɗauke da ranar da zai daina aiki, an buga ta a jikin kwali kowa na gani. Littafin koyon tsara shafukan intanet ba ya ɗauke da irin wannan rana, alhali shi ma yana lalacewa. Abin da ya fi muni, lalacewarsa ba ta nunawa. Bango na nan da ƙyalli, takarda fara tas, misalan da ke ciki ma idan ɗalibi ya kwafa su cikin kwamfuta za su yi aiki, domin masu ƙera burauza suna ƙoƙari matuƙa kada tsofaffin shafuka su mutu. Ɗalibi zai ga shafinsa ya buɗe, ya ɗauka ya iya, bai san ya koyi hanyar da ma'abota sana'ar suka bari shekara goma sha biyar baya ba. Sai ranar da ya nemi aiki, ko ya buɗe shafin nan a wayar hannu ya ga rubutu ya zama ƙanana kamar tururuwa, sannan asiri ya tonu.

A wurinmu lamarin ya fi tsanani saboda yawancin waɗannan littattafai daga Amurka da Ingila ake shigo da su, da dala ake sayensu, kuma abin da ke isowa hannun ɗalibi galibi na gwanjo ne ko fotokofin wani tsohon bugu. Wanda kuɗinsa bai wuce na littafi ɗaya ba ya cancanci a faɗa masa wanne.

Yadda littattafan suke mutuwa

A 1989 ne Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba, ya gabatar da shawarar da ta haifi yanar gizo, kuma shafin farko ya fito ga jama'a a 1991. Harshen HTML da ya zo da shi ba don ado aka yi shi ba. Aikinsa ya nuna cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan mahaɗi ne zuwa wata takarda. Harshen ado, wato CSS, sai a 1994 Håkon Wium Lie ya ba da shawararsa, hukumar W3C ta amince da matakin farko a Disambar 1996, burauzoji kuma suka ɗauki shekaru kafin su iya aiki da shi yadda ya kamata.

A wannan tsakani masu tsara shafi suka nemi dabara. Littafin David Siegel na 1996, *Creating Killer Web Sites*, ya yi kasuwa ƙwarai, kuma shi ya yaɗa hanyar yanka shafi da jadawali marar layi, ana cusa hoto ɗan mitsitsi wanda ido ba ya gani don ya tura rubutu dama ko ƙasa. Dabarar ta yi aiki. Amma tun a 1997 Siegel da kansa ya rubuta maƙala yana ɗora wa kansa laifin ɓata yanar gizo, a 2003 kuma littafin Jeffrey Zeldman, *Designing with Web Standards*, ya taimaka wajen binne hanyar: HTML ya riƙe ma'ana, CSS ya riƙe kamanni. Daga nan aka koma shimfiɗa shafi da *float*, wanda asalinsa an yi shi ne don rubutu ya kewaye hoto. Shi ma aro ne, kuma ya daɗe fiye da yadda ya cancanta.

Sai wayar hannu ta shigo. A Mayun 2010 Ethan Marcotte ya wallafa maƙalar da ta bayyana yadda shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da faɗin kowane allo, ya mai da ita littafi a 2011, shekarar da Luke Wroblewski ya fitar da *Mobile First*. A Oktoban 2014 aka kammala HTML5. Kamfanin StatCounter ya ba da rahoton cewa a Oktoban 2016, a karon farko, masu shiga intanet ta waya da ƙaramin allo sun zarce masu shiga ta kwamfutar tebur a duniya. A Maris ɗin 2017 Chrome da Firefox da Safari suka fitar da CSS Grid a wata guda, wanda tare da Flexbox ya ba mai tsara shafi, a karon farko, kayan aikin da musamman don shimfiɗa shafi aka ƙera su.

Kowace daga cikin waɗannan shekaru ta bar gawawwakin littattafai a kanta. Mafi ban tausayi su ne na manhajar Flash. Tsawon shekaru sama da goma ana buga manyan kundaye a kansa, har Adobe ta daina tallafa masa ranar 31 ga Disamba 2020, burauzoji suka cire shi. Wanda ya haddace irin wannan kundi yau ba shi da inda zai gwada iliminsa. Haka na FrontPage, wanda Microsoft ta tsayar tun 2006. Haka babi-babin da aka ɓata ana koyar da yadda za a lallaɓa burauzar Internet Explorer, wadda aka yi wa ritaya a Yunin 2022. Duk wanda ya leƙa kantar kwamfuta a laburarorinmu ya san waɗannan littattafai ba su je ko'ina ba, suna nan a jere, wani lokaci ma su ne suka fi kauri.

Hawa uku, tsufa uku

Daga wannan tarihi mutum zai iya yanke hukuncin gaggawa ya ce a sayi mafi sabunta kawai. Wannan kuskure ne, domin zai sa a zubar da wasu daga cikin littattafai mafiya amfani a fannin.

Hawa na ƙasa shi ne ilimin ɗan'adam: yadda ido ke bin shafi, abin da ke ruɗa mai karatu, dalilin da ya sa mutum ke danna nan ya ƙi danna can. Idon mutum bai canza ba tun 1989. Littafin Robin Williams, *The Non-Designer's Design Book*, ya fara fitowa a 1994, kuma ƙa'idoji huɗun da ta gina shi a kai har gobe suna aiki: a bambanta abin da ya bambanta sosai, a maimaita salo, a daidaita gefuna, a kusanta abubuwan da ke da dangantaka. Littafin Don Norman na 1988 a kan tsara kayan amfanin yau da kullum ya girmi yanar gizo kanta, yana maganar ƙofofi da murhu da makunnin lantarki, amma har yanzu masu tsara shafi na karanta shi. A wannan hawa, da tsohuwar zuma ake magani.

Hawa na tsakiya shi ne harsunan yanar gizo uku: HTML da CSS da JavaScript. Waɗannan suna canzawa, amma da ƙari suke canzawa, ba da rushewa ba. Abin da ɗalibi ya koya game da kanu da sakin layi da mahaɗi a littafin 2011 yana nan daram. Abin da ya koya game da shimfiɗa shafi ne ya tsufa. Don haka a wannan hawa ba littafin gaba ɗaya ake yanke wa hukunci ba, babi-babi ake bi. Iyakokin da zan ba da shawara su ne: 2017 ga babin shimfiɗa shafi, 2015 ga JavaScript, domin a shekarar ce aka yi wa harshen babban garambawul, sai 2011 a matsayin layin da duk abin da ya gabace shi bai san wayar hannu ba.

Hawa na sama shi ne kayan aiki: manhajoji da tarkacen da wasu suka riga suka harhaɗa don a gina shafi da sauri. Nan ne tsufa ke gudu. AngularJS ya fito a 2010, aka rubuta littattafai birjik a kansa, a 2016 Google ta sake gina shi daga tushe da wani zubi dabam, a ƙarshen 2021 aka daina kula da na farkon. Bootstrap ya dogara da jQuery tun fitowarsa a 2011, bugu na biyar a 2021 ya yar da shi. Littafin da ke nuna hoton allo yana cewa danna wannan maɓalli, sannan wancan, yakan fara ƙarya tun kafin ya ƙare a kasuwa, saboda an matsar da maɓallin. A ra'ayina, laburare mai ƙaramin kasafi bai kamata ya kashe ko kwabo a wannan hawa ba. Bayanan da masu kayan suke wallafawa kyauta a shafukansu sun fi kowane littafi sabunta.

Awo a gaban mai sayarwa

Yanzu a ce ɗalibi na tsaye gaban mai sayar da littattafai, littafi a hannunsa, mai kaya na jiransa. Me zai duba?

Ya fara buɗe bayan shafin suna, inda aka rubuta shekarar haƙƙin mallaka. Ya lura da bambancin sabon bugu da sake bugawa: littafin 2011 da aka sake bugawa a 2020 har yanzu na 2011 ne, tawada ce kawai sabuwa. Daga nan ya tsallaka ƙarshe, wurin fihirisa, ya nemi kalmomi uku: *grid*, *flexbox*, *media queries*. Idan babu ta ukun, littafin bai san waya ba. Idan akwai ta ukun babu biyun farko, a iya karanta rabinsa na farko a bar sauran. Sai dai a yi hattara da kalmar *grid*, domin tsofaffin littattafai ma suna amfani da ita ga wani tsari na raba shafi mai faɗin fiksel 960 zuwa ginshiƙai, wanda ba shi ne CSS Grid ba. A buɗe shafin da fihirisa ta nuna a tabbatar.

Sannan ya dubi misali na farko a littafin, layin farko. Idan gajere ne, kalma biyu, *DOCTYPE html*, to marubucin yana zamanin HTML5. Idan dogon layi ne mai ɗauke da XHTML da adireshi har ya karye zuwa layi na biyu, littafin ya kwana biyu. Idan kuwa ya ga ana sauya launin rubutu da alamar *font*, ko ana tsakaita shi da *center*, ko rubutu na yawo da *marquee*, ya mayar wa mai kaya abinsa ya yi godiya.

Akwai awo na ƙarshe da ba na shekara ba ne: shin littafin yana sa mutum aiki? Tsara shafi sana'ar hannu ce. Littafin da kowane babi ke ƙarewa da aikin da ɗalibi zai buga da yatsunsa, ya ɓata, ya gyara, ya fi wanda ke da bayani mai daɗi babu atisaye. Kuma a tambaya ko aikin zai yiwu da editan rubutu da burauza kawai. Idan sai an sauke manhajoji masu nauyi kafin a fara babi na ɗaya, to marubucin bai yi tunanin wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan ba.

Wasu littattafai a kan sikeli

Littafin da aka fi ba masu farawa shawara shi ne na Jon Duckett, *HTML and CSS: Design and Build Websites*, na 2011. Ba a banza ya yi suna ba. Kowane batu shafi ɗaya ko biyu ne, umarni a gefe, sakamakonsa a gefe, da launuka masu raba abubuwa, har wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya bin sa da ido. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga ɗalibanmu. Amma babinsa na shimfiɗa shafi yana koyar da *float* da tsarin fiksel 960, babu Flexbox, babu Grid. Hukuncina: a karanta shi don HTML da tushen CSS, idan an zo wancan babi a rufe. A kuma sani cewa fotokofin baƙi da fari yana kashe rabin amfaninsa, tunda da launi yake koyarwa.

Idan littafi ɗaya tak za a saya don aji, na fi karkata ga *Learning Web Design* na Jennifer Niederst Robbins, da sharaɗin bugun ya zama na biyar, wato na 2018, ko wanda ya biyo bayansa. Littafin ya fara fitowa a 2001, kuma bambancin da ke tsakanin bugunsa shi kansa tarihin fannin ne. Na 2018 yana da Flexbox da Grid da daidaita shafi da allon waya, yana da atisaye da tambayoyin gwaji. Aibinsa nauyi: shafi kusan 800 ne, ɗalibin da ba shi da malami zai iya sarewa a tsakiya.

*CSS: The Definitive Guide* na Eric Meyer, wanda Estelle Weyl ta shigo cikinsa daga bugu na huɗu a 2017, na biyar kuma ya fito a 2023, ya haura shafi dubu. Ba na karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba ne, na komawa ne idan abu ya cije. Kwafi ɗaya a laburare ya isa. *Eloquent JavaScript* na Marijn Haverbeke ana karanta shi kyauta a intanet da izinin mai shi, bugu na huɗu ya fito a 2024, amma yana hawa tudu da wuri, bai dace a fara da shi ba.

Wanda zan daɗe a kansa shi ne *Don't Make Me Think* na Steve Krug, na shekarar 2000, wanda aka sabunta a 2005 da 2014. Ɗan siriri ne, babu umarnin kwamfuta a ciki da za a haddace. Abin da yake koyarwa shi ne mutane ba karanta shafi suke yi ba, duba shi suke yi sama-sama, su danna abu na farko da ya yi kama da abin da suke nema. Ya kuma koyar da gwajin da ba ya cin kuɗi: a samu mutum uku, a zaunar da kowanne gaban shafin, a ba shi aiki, a ce nemo lambar wayar wannan shago, sannan mai tsarawa ya kame bakinsa ya kalla. Kame bakin nan shi ne mai wuya. Ɗalibin da ya ga mahaifiyarsa ta kasa gano maɓallin da ya kwana yana ƙawatawa ya koyi abin da babi goma ba za su koya masa ba. Hotunan shafukan da ke cikin littafin sun tsufa, wasu kamfanonin ma sun mutu, amma darasin bai motsa ba. Shi ne misali mafi kyau na littafin hawan ƙasa.

Wani zai ce me ya kai mu littafi, ga bidiyo a YouTube, ga shafin MDN da Mozilla ta kafa tun 2005, ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta shafi cikin daƙiƙa? Amsata ita ce jeri. Bidiyo na amsa tambayar da ka san ka yi, littafi na kai ka ga wadda ba ka san akwai ta ba, kuma yana kai ka bi da bi. Ga shi ba ya cin data, ba ya jiran a kawo wuta. Ita kuwa manhajar da ke rubuta maka shafi, ta koya ne daga abin da aka rubuta a baya, tsoho da sabo a gauraye, sai mai tushe ne zai gane lokacin da ta miƙo masa hanyar 2009. Tsarin da ya fi dacewa shi ne littafi ya ba da jeri, MDN da shafin Can I Use su tabbatar da abin da ke aiki a yau.

Abin da littattafan ba su faɗa ba

Ko mafi kyawun waɗannan littattafai an rubuta shi ne da mai karatun Turanci a zuci, kuma nan ne malamin da ke koyar da Hausawa zai ɗora nasa.

Na farko haruffanmu masu lanƙwasa. Kowanne yana da mazauninsa a tsarin Unicode: ɓ yana U+0253, ɗ yana U+0257, ƙ yana U+0199, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar yana U+01B4. Littattafan suna ambaton layin da ke ayyana UTF-8 a saman shafi, amma a gurguje, domin Baturen da ya manta da shi galibi ba ya ganin illa, haruffansa 26 za su fito ko ta yaya. Namu ba haka ba ne. Idan burauza ta karanta shafin da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, harafin ƙ zai rikiɗe ya zama Æ™, kanun labari ya koma shirme. Ko an ayyana UTF-8 ɗin, saura zubin haruffa. Da yawa daga cikin zubin da littattafan ke yabawa ba su da waɗannan haruffa, sai burauza ta aro su daga wani zubi, ka ga kalma ɗaya harafin farkonta siriri sauran masu kauri, ko ɗan akwati ya tsaya a madadinsa. Babin zaɓen haruffa a littafin Turanci zai yi maganar kyau da sauƙin karantawa, ba zai ce a gwada Ɓ da Ɗ da Ƙ ba. Malami ne zai ce a gwada, ya kuma nuna zubin da ke da su, irin Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL.

Na biyu ayyana harshen shafi da lambar *ha*. Littattafan duk *en* suke sakawa a misalansu, ɗalibai kuma su kwafa yadda suka gani, sai shafin Hausa ya riƙa gaya wa burauza da injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi allo cewa shi Turanci ne. A nan ya kamata a duba ko littafin ya ba masu buƙata ta musamman haƙƙinsu. Ƙa'idojin WCAG na hukumar W3C, waɗanda suka fara a 1999 aka kuma fitar da 2.2 a Oktoban 2023, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Wannan ba masu raunin gani kaɗai yake amfana ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta waya a tsakar rana a kasuwa ya san toka-tokan rubutu a kan farin bango ɓacewa yake yi.

Na uku nauyin shafi. Littafin da ke koyar da shimfiɗa ƙaton hoto ko bidiyo a saman shafi bai tambayi wa zai biya kuɗin saukewa ba. A nemi littafin da ya yi maganar rage nauyin hoto da aika wa ƙaramin allo ƙaramin hoto, wanda na Robbins ya yi.

Sai ajami, wanda daga dama yake tafiya zuwa hagu. HTML na da sifar *dir* don wannan tun HTML 4, amma duk shafin da aka shimfiɗa da umarnin hagu da dama sai an sake masa lissafi idan aka juya shi. Sababbin umarnin CSS da ke cewa farkon layi da ƙarshen layi a maimakon hagu da dama sun warware wannan, kuma ba za a same su a littafin 2011 ba. A bugun Meyer da Weyl na 2023 za a same su.

Waɗannan abubuwa huɗu ba su kai girman littafi ba, amma sun kai ɗan ƙaramin jagora da Hausa, shafi talatin ko arba'in, wanda sashen kwamfuta da sashen Hausa za su iya haɗuwa su rubuta don a riƙa karanta shi tare da Robbins ko Duckett. Fassara babban littafi gaba ɗaya ba ita ce mafita ba, domin kafin a gama fassara shafi 800 an fitar da wani bugun. Jagoran ya tsaya a kan haruffa da harshe da nauyi da ajami, ya bar kayan aikin hawan sama, a kuma buga shekarar rubuta shi da manyan lambobi a bangon gaba, tare da sunayen burauzojin da aka gwada misalansa a kansu.